An ce Hajiya ta shiga gwajin maganin kansa: mu yarda ko mu ƙi?

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana da shekara 58. Wata 4 ke nan da aka tabbatar tana da sankarar mama. Likitan da ke duba ta a asibitin koyarwa ya ce akwai gwajin wani magani da za ta iya shiga, kuma maganin kyauta ne. Gida ya rabu biyu. Kawunmu ya rantse ba za a mai da 'yar'uwarsa zakaran gwajin dafi ba, yana ta tuna mana abin da ya faru da yaran Kano. Ni kuwa kuɗin magani ya soma fin ƙarfina. Ita kanta har yanzu ba mu faɗa mata sunan ciwon ba. Mene ne gaskiyar wannan gwaji, kuma me ya kamata mu yi?

Amsa: Malam, Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi da ita.

Bari in fara da kawunku, domin tsoronsa yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200 a Kano. Rabinsu aka ba su Trovan, rabi aka ba su tsohon maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren sabon maganin, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ce ta yi wannan ɓarna. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Aka yi ta shari'a har 2009, inda aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, don haka kada ka raina maganar kawu. Sai dai ka lura da inda ciwon wancan lamari yake. Babban abin da iyayen suka kai ƙara a kansa shi ne ba a sanar da su ba, ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Ka riƙe wannan, domin zan dawo kansa, kuma a nan ne tambayarka ta fi nauyi.

Gwajin magani tambaya ce da likitoci ba su san amsarta ba tukuna. Duk maganin kansa da ake ɗaura wa mutum a yau, daga kemon da Hajiya ta riga ta soma, wato maganin da ake ɗaurawa don kashe ƙwayoyin kansa, har gashin da wataƙila za a yi mata daga baya, wato haska wurin ciwon da na'ura don ƙona su, ta wannan ƙofa ya shigo. Kuma kalmar gwaji ta rufe abubuwa daban-daban da bai kamata a zuba su a tukunya ɗaya ba. Tambayar farko da za ka yi wa likitan ita ce: wannan gwaji mataki na nawa ne?

Mataki na 1 shi ne karon farko da ake ba ɗan Adam maganin bayan an gama da ɗakin bincike da dabbobi. Mutane kaɗan ne, galibi 20 zuwa 80, kuma abin da ake nema shi ne sanin adadin da jiki zai iya ɗauka da irin illar da yake jawowa. Akan fara da ɗan kaɗan a kan mutum 3, in ba a ga wata babbar illa ba a ƙara wa 3 na gaba. Yawanci waɗanda magungunan da aka sani suka riga suka gaza a kansu ne ke shiga. Wani babban nazari da aka buga a 2005, wanda ya tattara gwaje-gwaje 460 na wannan mataki a Amurka, ya samu cewa ƙarin ya ragu sosai a kusan mutum 1 cikin 10, sannan kusan mutum 1 cikin 200 ya mutu ta dalilin gubar maganin. Magungunan zamani sun ɗan ɗaga adadin masu amfana, amma dai wanda ya shiga mataki na 1 ya san cewa rinjayen amfanin na waɗanda za su zo bayansa ne. Mataki na 2 yana duba ko maganin yana taɓa irin wannan kansar, a kan mutane gommai zuwa 'yan ɗaruruwa. Mataki na 3 shi ne babban fage, ɗaruruwa ko dubban mutane, ana gwada sabon da mafi kyawun abin da ake da shi a hannu. Akwai kuma wani irin gwaji da ake yi a asibitocinmu, wanda maganin an daɗe da amincewa da shi a wasu ƙasashe, ana son a ga yadda yake aiki a jikin mutanenmu ne, ko a gwada wata hanyar bayar da shi, misali allurar ƙarƙashin fata maimakon ƙarin ruwa. Tsakanin wannan da mataki na 1 akwai tazara mai nisa, ko da yake sunansu ɗaya.

Kada kuma kalmar sabo ta ruɗe ka. Cikin magungunan kansa 10 da ke shiga mataki na 1, ko 1 ba ya cika kaiwa ga samun lasisi. Sauran duk sukan faɗi a hanya, ko don guba, ko don ba su fi tsohon ba.

Abin da ya fi tayar wa iyalai hankali a ɗakina shi ne maganar ƙuri'a. A gwajin mataki na 3 ba likita ke zaɓen wa zai samu sabon magani ba, kwamfuta ce ke rabawa. Na taɓa yi wa wani dattijo wannan bayani a kan matarsa, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya dube ni ya ce, "Likita, duk karatun nan naka, ƙarshensa canke?" Na ce masa, "Baba, da na san wanda ya fi, haramun ne in hana ta shi. Don ban sani ba ne ake ƙuri'ar." Ƙuri'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, saboda haƙƙinsu ɗaya ne kuma kada son zuciya ya shiga. Hikimar ke nan a nan ma. In aka bar wa likita zaɓi, ko bai yi niyya ba zai tura masu ƙarfin jiki wajen maganin da yake ƙauna, a ƙarshe maganin ya ci yabon da ba nasa ba.

Sankarar mama ita ce ta fi kowace koya mana wannan darasi, kuma da tsada aka koye shi. Tun ƙarshen ƙarni na 19, tiyatar da likita William Halsted ya yaɗa ita ce doka: a cire nonon gaba ɗaya, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata. Mace takan tashi ƙirji a rarake, hannu a kumbure har ƙarshen rayuwa. Shekaru sama da 70 manyan likitoci suna rantsuwa da ita. Sai Bernard Fisher a Amurka da Umberto Veronesi a Italiya suka sa ta a ma'auni. A gwajin da Fisher ya fara a 1976 da mata sama da 1,800, wasu aka cire musu nono duka, wasu aka cire ƙullutun kawai aka bi da gashi. Aka bi su shekara 20, tsawon rayuwarsu bai bambanta ba. Duk macen da a yau aka ce mata za a iya barin nononta, albarkacin waɗancan matan take ci.

Ga kuma ɗaya fuskar. A shekarun 1990 aka yi yayin wani magani a Amurka: a zuba wa mace kemo mai yawan gaske har ya kashe ɓargonta, sannan a mayar mata da ɓargon da aka ajiye. A hankalce ya yi daidai, ƙarin magani ƙarin waraka. Dubban mata suka sha wannan azaba, wasu suka mutu a cikinta, da yawa kuma suka ƙi shiga gwaji don kada ƙuri'a ta hana su abin da suke gani shi ne ceto. Da sakamakon manyan gwaje-gwajen ya fito a 1999, aka ga bai fi kemon da aka saba ba. Binciken da ya fito daga Johannesburg yana nuna gagarumar nasara kuwa, da aka je aka duba takardunsa a 2000, aka tarar da ƙarya a ciki. Shi ya sa idan wani ya ce mini magani kaza yana aiki domin ya gani da idonsa, nakan tambaye shi waɗanda bai gani ba.

A nan ne zan ɗan ratse, don na san wayarka cike take da saƙonni. A 2022 labari ya zagaya cewa an gano maganin kansa a Amurka, duk wanda ya sha ya warke. Gaskiya ne an gwada dostarlimab a New York, kuma a rahoton farko mutum 12 da suka kammala shi duk ƙarinsu ya ɓace. Abin mamaki ne na gaske. Amma sankarar dubura ce, ita ma wani nau'i nata da ba ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ita. Mako guda na yi ina amsa wa masu sankarar mama da hanta da mafitsara cewa ba nasu ba ne. Haka kuma masu cewa likitoci na gaba da itatuwa ba su san tarihin kemo ba. Vincristine daga wani fure na Madagaska aka samo shi, paclitaxel da ake ɗaura wa masu sankarar mama kullum daga ɓawon itace ya fito. Bambancinsu da jiƙon da ake sayarwa a jarka shi ne su an auna su, an ƙirga wanda ya rayu da wanda ya mutu.

Game da maganin wofi, wato ƙwaya ko allurar da ba komai a cikinta, hankalinka ya kwanta. A gwajin kansa ba a barin mai ciwon da ke da magani a ba shi wofi shi kaɗai. Abin da akan yi shi ne kowa ya samu maganin da aka saba, sannan rabi a ƙara musu sabon, rabi a ƙara musu wofin. In takardar bayanin gwajin da za a ba Hajiya ta sa wa hannu ta nuna za a janye mata maganin da aka san yana aiki, wannan dalili ne na tsayawa.

Kuma akwai dalilin da ya sa ni, a matsayina na likita a wannan ƙasa, nake son a riƙa yin waɗannan gwaje-gwaje a nan. Najeriya na samun sabbin masu kansa sama da 120,000 a shekara, kusan 80,000 na mutuwa, amma kusan duk abin da muke rubuta wa marasa lafiya a kan jikin wasu mutane aka auna shi. Matanmu sukan kamu da sankarar mama suna da ƙarancin shekaru, kuma nau'in da ba ya jin maganin homon, wato maganin da ke toshe sinadarin jikin mace da wasu ƙari ke girma da shi, ya fi yawa a cikinsu. Ga wani ƙaramin misali da ke cin mana tuwo a ƙwarya kullum. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, gadon da ke kare su daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Masu wannan gado, adadin wasu fararen ƙwayoyin jininsu yakan fito ƙasa a takardar gwaji alhali lafiyarsu lau. Ƙa'idar gwaje-gwaje da yawa ta ce sai adadin ya kai 1,500 kafin a ɗaura kemo. Sai ka ga mace ta kwana a mota daga ƙauye, an ɗebi jini, an ce ta koma sai wani mako, a kan ma'aunin da ba da jininta aka tsara shi ba. Irin wannan ba ya gyaruwa sai an yi bincike da mu. Kuma mun taɓa yi. A shekarun 1960, a Yuganda da Ibadan aka nuna cewa kemo kaɗai na iya warkar da sankarar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara, har Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aikin a Ibadan, ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar Lasker, babbar lambar yabo ta binciken likitanci a Amurka, a 1972.

To yaya za ka gane gwajin ƙwarai? Bayan abin da ya faru a Kano an ɗaure abubuwa da dama. Dole NAFDAC ta ba da izini, dole kwamitin kula da ɗa'ar bincike na asibitin ya amince, kuma akwai kwamitin ƙasa, NHREC, da ya fitar da ƙa'idojinsa a 2007. Ka nemi a nuna maka lambar amincewar da lambar wayar kwamitin, ya kamata su kasance a jikin takardar. Gwaji na gaskiya yana da lambar rajista da za ka iya dubawa da wayarka a shafin ClinicalTrials.gov ko a rajistar Afirka ta PACTR. Manyan gwaje-gwaje suna da wani kwamiti mai zaman kansa da ke leƙa sakamako lokaci zuwa lokaci, yana da ikon tsayar da komai in ɓangare ɗaya ya fara cutuwa, ko in sabon maganin ya yi fintinkau har ya zama zalunci a ci gaba da hana sauran. Takarda ba ta hana mugu mugunta, amma wanda ya kasa nuna maka ko takardar, ka san inda ya dosa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi don a sa Hajiya a gwaji, ko ya yi maka alkawarin waraka, ko ya ce ka sa hannu yau-yau kafin gurbi ya cika, ka tashi ka ba shi wuri.

Sannan ka bi kalmar kyauta da kyau. Me da me ne kyauta? Maganin kaɗai, ko har da hoton ƙirji, gwajin jini, tiyata, gashi, kuɗin mota? In maganin ya jawo illa aka kwantar da ita, wa zai biya? In gwajin ya ƙare tana bukatar ci gaba da maganin fa? Misali, in ciwonta mai alamar HER2 ne, wato wani sinadari da ke sa ƙarin saurin girma, nau'in da ke samun kusan mace 1 cikin 5 ko 6 na masu sankarar mama, maganinsa trastuzumab ne. Gwaje-gwajen da aka buga a 2005 sun nuna yana rage dawowar ciwon da kusan rabi. Ana yinsa duk mako 3 har shekara guda, kuɗinsa miliyoyin naira, kuma yana bukatar a riƙa duba zuciya da na'ura. Ga iyali irin naku, gwajin da zai ɗauke wannan nauyi ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba abin kunya ba ne a shiga saboda shi. Na kuma lura cewa wanda ke cikin gwaji yakan samu kulawar da sauran ba sa samu: akwai nas da ke kiransa a waya, ba a tsallake masa hoto, maganinsa ba ya yankewa. Amma ka san cewa talauci ma matsi ne. Mutumin da aka ce masa ko wannan ko babu, yardarsa tana bukatar a ƙara dubawa. Don haka ka tambayi likitan kai tsaye: in ba ta shiga ba, wane magani za ta samu, kuma nawa zai ci? Sai ka ga hanyoyin biyu a gabanka sannan za ka iya aunawa.

Ku kuma ku san naku nauyin. Akwai yawan zuwa asibiti da yawan ɗibar jini, wanda kan sa tsofaffi zargin ana sayar da shi. Ka nemi a nuna mata 'yan kwalaben, cokali kaɗan ne. Za a gwada ta ciwon hanta nau'in B, domin kemo na iya tayar da shi. In tana shan wani sassaƙe ko garin magani, a faɗa, ba don a yi mata faɗa ba, don hantar da ke tace kemon ita ce ke tace shi. In azumi ya zo a tsakiya, a yi maganarsa tun da wuri.

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa. Ka ce ba ku faɗa wa Hajiya sunan ciwonta ba. Na san dalilinku, tausayi ne, kuma kusan kullum sai wani ɗa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Likita, don Allah kada ka ambaci sunan abin a gabanta." Amma ba za ta shiga gwaji a haka ba. Mace ce mai cikakken hankali, jikinta ne za a ɗaura wa maganin, sa hannunka ko na kawu ba ya tsaya mata. In aka kama yatsanta aka dangwala a takardar da ba ta san abin da ke ciki ba, to abin da kawu ke tsoro ya faru ke nan, sai dai a wannan karo da hannun 'ya'yanta. Ƙa'ida ita ce a yi mata bayani da Hausa, in ba ta karatu a samu shaida wanda ba ya cikin masu binciken, a ba ta kwafin takardar ta tafi da shi gida. Tana da damar ta ce a'a, kuma likitan zai ci gaba da duba ta kamar da. Tana da damar ta fita ko bayan ta fara, ba sai ta ba da dalili ba.

Kuma ina mai tabbatar maka, da wuya a ce ba ta sani ba. Wata baiwar Allah da 'ya'yanta suka ɓoye mata wata 6, ranar da muka zauna na fara kewaye-kewaye, ta gyara mayafinta ta ce, "Ɗana, ka huta. Gashina ya zube, kuma ina jin abin da matan layin nan ke faɗa. Na yi shiru ne don kada hankalin yaran nan ya tashi." Kowa yana ɓoye wa kowa, ita kuma tana ɗauke da abin ita kaɗai da dare. Da aka karanta mata takardar, tambayoyinta sun fi na 'ya'yanta ma'ana. Ta tambaya ko za ta iya zuwa bikin jikarta, ta tambaya wa zai ɗauki waya in zazzaɓi ya kama ta ƙarfe 2 na dare. Tambayar ta biyu ita ce mafi muhimmanci da mai shan kemo zai yi, domin zazzaɓi a lokacin da fararen ƙwayoyin jini suka faɗi abu ne na gaggawa.

Ga shawarata. Ka koma wurin likitan ka nemi zama na musamman, ba a tsaye a baranda ba. Ku je da Hajiya, ku je da kawu, kada a bar shi a gida yana jin labari a bakin wasu. Ka roƙi likitan ya fara tambayarta me ta fahimta game da ciwonta kuma nawa take so ta sani, daga nan ya ɗora. A bar kawu ya yi duk tambayoyinsa, har da ta Kano. Ku karɓi takardar ku kwana da ita, wanda zai yi istihara ya yi. Abu ɗaya kawai nake gargaɗinku a kansa: kada shawarar ta ɗauki watanni, kuma kada a dakatar da maganin da take kai yanzu ana jiran a gama gardama a gida. Ka tambayi likitan kwana nawa kuke da su kafin jinkiri ya fara cutar da ita, ka rubuta ranar a bayan katinta.